DARASIN WATA: Me kwaɗi suke faɗi da dare?

 

Ruwa ya sauka a ƙasar Gaya. Tabkuna sun cika. Fadamun Dallol Mawuri da na Foga sun ɗauki ruwa. Daga Tanda zuwa Tara, daga Bengu zuwa Tunuga, in rana ta faɗi abu ɗaya ake ji: kukan kwaɗi. Wani dare ma sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka.

Kwanan baya mun ziyarci wata cibiyar karatun manya a bakin gulbi. An gama darasi, ana shirin tashi, sai wani dattijo manomin shinkafa ya ɗaga hannu. Ya ce:

"Malam, ina da tambaya. Tun muna yara ake ce mana kwaɗi ruwa suke roƙo. To ga ruwa ya zo, har ya yi yawa. Me kuma suke biɗa, da ba su barin mu mu yi barci?"

Kowa ya yi dariya. Na ce: "Baba, tambayarka ta fi ƙarfin amsar tsaye. Ka yi mini haƙuri, za ka ga amsa cikin jarida."

To, Baba, ga amsar. Kwaɗi ba ruwa suke roƙo ba. Aure suke nema. Ku karanta a hankali, sashe bayan sashe. Wanda ya iya sosai ya karanta wa sauran da ƙarfi.

1. WANE NE YAKE KUKA?

Namiji ne yake kuka. Mace ba ta yin wannan kiran. Ita saurare ne aikinta.

In ka ji tabki ya ruɗe da dare, to maza ne suka taru. Kowane yana cewa: "Ga ni nan, ga irina, ga ƙarfina." Maganar tana zuwa kunne biyu. Tana zuwa kunnen mata, don su zo. Tana zuwa kunnen sauran maza, don su ja da baya.

Yaya ake gane namiji da mace? Ga alamu uku:

Na ɗaya, mace ta fi namiji girma. Cikinta cike yake da ƙwai.

Na biyu, maƙogwaron namiji ya fi duhu, kuma fatar wurin sako-sako take.

Na uku, lokacin haihuwa yatsun hannun namiji suna yin baƙin kanta. Da shi yake riƙe mace kada ta suɓuce masa cikin ruwa.

Mu kuma bambanta abu biyu. Akwai kwaɗo mai kaushin fata, mai gajerun ƙafafu, wanda yake shigowa gida ya ɓuya ƙarƙashin randa. Akwai burduddugi mai santsin fata da dogayen ƙafafu, wanda ba ya nisa da ruwa. Dangi ne, amma ba iri ɗaya ba. Dukansu maza ne masu kira.

2. YAYA YAKE YIN KUKAN?

Mu in za mu yi magana sai mun buɗe baki. Kwaɗo shi rufe baki yake yi. Yana cika huhunsa da iska, ya rufe baki da hanci. Sa'an nan ya tura iskar ta bi ta maƙogwaro. A nan akwai ƴan tantani biyu da suke kaɗawa, su ba da sauti.

Iskar ba ta fita waje. Tana shiga wata jakar fata da ke ƙarƙashin haɓarsa. Jakar ta kumbura kamar salka. Daga nan iskar ta koma huhu, ya sake turo ta. Da iska ɗaya yana iya yin kira da yawa. Jakar kuma tana taimakon sautin ya bazu. Shi ya sa ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ake jin shi daga nesa.

Kwaɗon gida jaka ɗaya gare shi, a tsakiya. Burduddugi biyu gare shi, ɗaya dama, ɗaya hagu.

Kunnen kwaɗo fa? Ku duba bayan idonsa. Za ku ga wani ɗan da'ira kamar fatar ƙaramar ganga. Shi ne kunnen.

3. KOWANE IRI DA MURYARSA

Ƙasar Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Ga gulbin Isa, wanda wasu suke ce wa Kwara. Ga fadamu, ga gonakin shinkafa. Saboda haka kwaɗinmu iri-iri ne, kuma suna taruwa a tabki ɗaya.

Ku saurara da kyau. Akwai mai gurnani kamar minshari, shi ne kwaɗon gida. Akwai mai ƙaramin sauti kamar ɗigon ruwa cikin tulu. Akwai ƴan ƙanana da suke hawa ciyawa suna ƙara mai kaifi. A bakin gulbi da wuraren ban ruwa, kwaɗon gida yana kira ko da rani, tun da ruwa bai yanke masa ba.

Cikin wannan hayaniya yaya mace take gane nata? Kunnenta ya dace da muryar irinta. Kamar ranar kasuwar Gaya ce. Ana Dandanci, ana Zabarmanci, ana Hausa, ana Fillanci, ana Yarbanci. Amma in an yi harshenka, nan da nan kunnenka ya ɗauka.

Murya har masana take taimako. An daɗe ana ɗaukar wasu kwaɗi biyu na ƙasashenmu a matsayin iri ɗaya, don sun yi kama ƙwarai. A shekarar 1976 wani masani mai suna Mills Tandy da abokan aikinsa suka nuna iri biyu ne. Cikin abin da ya raba su har da kuka. Ɗaya ya fi son wurare masu ruwa. Ɗayan kwaɗon busasshiyar ƙasa ne, yana da jan tabo a cinya, ana samun shi har cikin duwatsun Abzin.

4. GASAR MAZA

Tabki da dare kamar filin kokawa yake. Kun san yadda ɗan kokawa yake shiga fili ya yi kirari kafin a kama. Kwaɗi ma da baki suke farawa.

Kowane namiji yana kama wurinsa a bakin ruwa. Ba ya son wani ya matso shi ƙwarai. In maƙwabci ya matso, sai ya ƙara ƙarfin kira. In bai ja da baya ba, sai ture-ture.

Maƙwabta biyu sukan yi karɓa-karɓa. Wannan ya yi, ya tsaya, wancan ya amsa. Ba don ladabi ba ne. In suka yi tare, muryoyinsu za su cakuɗe, mace ba za ta san inda kowane yake ba.

In ɗaya ya ƙara sauri, na kusa da shi ma sai ya ƙara. Haka abin yake yaɗuwa har tabki ya ɗauka duka. In wani abu ya motsa, mutum ko dabba, sai tsit. Bayan ɗan lokaci wani mai ƙarfin hali ya soma, sauran su bi.

Wani lokaci cikin duhu namiji yakan kama namiji ɗan uwansa, yana tsammanin mace ce. Wanda aka kama yana da wani ɗan kuka na dabam, gajere, tare da karkarwar jiki. Ma'anarsa: "Sake ni, ni ma namiji ne." Sai a sake shi.

5. MURYA BA TA ƘARYA

Ɗan kokawa yana iya kirarin da ya fi ƙarfinsa. Kwaɗo ba ya iyawa. Me ya sa?

Ku tuna da tambari da kanzagi. Tambari babba ne, sautinsa mai kauri. Kanzagi ƙarami ne, sautinsa siriri. Ko wane gwani ya buga kanzagi, ba zai yi muryar tambari ba. Haka kwaɗi. Babba muryarsa mai kauri ce, ƙarami tasa siririya.

A shekarar 1978 wasu masana biyu a Ingila, Nick Davies da Tim Halliday, sun gwada wannan da kwaɗin ƙasarsu. A irin waɗannan kwaɗi, in namiji ya hau bayan mace, wasu maza sukan zo su nemi ture shi. Shi kuma yana kuka yana harbi da ƙafa.

Masanan suka ɗaure bakin wanda yake bisa mace da ƴar roba, don kada ya yi sauti. Suka ajiye lasifika kusa da shi. Wani lokaci su sa murya mai kauri, wani lokaci siririya. Suka saki wani namiji, suka zuba ido.

In aka sa siririyar murya, sai baƙon ya kai hari da yawa. In aka sa mai kauri, sai ya rage. Ke nan da kunne yake auna girman abokin gaba, kafin ya ɓata ƙarfinsa. Amma murya ba ita kaɗai ba ce. In an kai ga kamawa, ƙarfin harbin ƙafa ma yana faɗin gaskiya.

6. YADDA MACE TAKE ZAƁE

Mace ba kullum take zuwa tabki ba. Tana zuwa daren da ƙwanta ya nuna. Sai ta tsaya cikin ciyawa ta yi shiru. Tana iya daɗewa tana saurare. Daga baya ta nufi namiji ɗaya, ta wuce wasu a hanya.

Yaya aka san abin da take so? Dabarar mai sauƙi ce. Ana ajiye mace a tsakiya. A sa lasifika ɗaya dama, ɗaya hagu, kowace da irin nata kira. A ga wadda za ta nufa. A sake da mata da yawa, a ƙidaya. An yi haka a ƙasashe da dama. Ga abin da aka gani.

Ƙarfin murya. A shekarar 1983 Anthony Arak ya yi nazarin wani kwaɗo na Ingila mai zane a gadon baya. Ya ga mata suna nufar kiran da ya fi ƙarfi a kunnensu. Manyan maza su suka fi ƙara, kuma su suka fi samun mata.

Yawan kira. A shekarar 1983 ɗin dai Brian Sullivan ya yi aiki a jihar Arizona ta Amurka. A can mata sun fi son namijin da yake jera kira da sauri. A shekarar 1993 Michael Cherry ya ga irin haka a Afirka ta Kudu, ga wani kwaɗo ɗan uwan namu na gida. A nan ba girma ne ya yi aiki ba, himma ce.

Naci. A irin kwaɗi da yawa, namijin da ya fi yawan darare a tabki shi ya fi samun mace. Wanda ya zo dare biyu ya gaji, da wuya ya dace. Mai nema yana tare da samu.

To, me mace take samu? Namijin kwaɗo ba ya kawo sadaki. Ba ya gina ɗaki, ba ya ciyar da ƴaƴa. Abin da yake bayarwa iri ne kawai. Kira kuwa aiki ne mai wuya. An auna wasu kwaɗin itace a Amurka, aka ga mai kira yana ƙona ƙarfi fiye da ninki 10 na wanda yake hutawa. Mai yunwa ko marar lafiya ba zai jure ba. Saboda haka kira mai ƙarfi da naci shaidar lafiya ce.

A shekarar 1998 wata masaniya, Allison Welch, da abokan aikinta sun gwada wannan a jihar Misuri ta Amurka. Suka raba ƙwan mace ɗaya kashi biyu. Kashi ɗaya aka haɗa da irin namiji mai dogon kira. Ɗayan aka haɗa da irin mai gajeren kira. Uwa ɗaya, uba biyu. Ƴaƴan mai dogon kira suka fi girma da kyau.

Manomi ya san wannan. Lokacin girbi yana ware zangarniyar da ta fi kyau, ya ajiye don iri. Macen kwaɗo ma zaɓen iri take yi, amma da kunne.

7. MASU LAƁEWA

Ƙaramin namiji fa, wanda muryarsa ba ta kai ba? Shi ma da dabararsa. Ba ya kira. Yana zuwa ya laɓe kusa da babban mai kira, ya yi shiru. In mace ta taho wajen babban, sai ya tare ta a hanya ya kama.

Arak ya ga haka ga kwaɗin Ingila, an kuma gan shi ga iri da yawa a duniya. Mai laɓewa ba ya samu kamar mai kira, amma ya fi zama hannu banza. In aka ɗauke babban, sau da yawa sai ƙaramin ya buɗe murya ya kama wurin.

In kun haska tocila kuka ga kwaɗo yana kira, ku duba kewayensa. Wataƙila ku ga wani zaune shiru, ba nisa.

8. KIRA YANA DA HATSARI

Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Mai kira ba mace kaɗai yake gaya wa inda yake ba. Duk mai kunne ya ji.

A ƙasar Panama, a nahiyar Amurka, akwai wani ƙaramin kwaɗo da ake ce wa tungara. Kiransa kashi biyu ne: doguwar ƙara, sa'an nan ƴan gajerun sauti a ƙarshe, kamar ado. Mata sun fi son kira mai adon. Amma a shekarar 1981 Merlin Tuttle da Michael Ryan sun nuna akwai wani jemage mai cin kwaɗi da yake bin kiransu. An kuma gano shi ma jemagen ya fi zuwa wajen kira mai adon.

Saboda haka in namijin yana shi kaɗai, ba ya sa adon. Sai in kishiyoyi sun yi yawa, ya ga ba makawa. In ya yi shiru ba mace. In ya cika ƙara ga jemage. Kullum yana auna tsakanin biyu.

A nan wajenmu ma tabki yana da masu jira: macizai, da tsuntsaye irin su zalɓe da shamuwa, da manyan kifaye. Kwaɗon gida yana da kariya. Bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fitar da farin ruwa mai ɗaci da guba. Kare in ya cije shi sai bakinsa ya yi kumfa. Yaro in ya taɓa kwaɗo, a wanke masa hannu da sabulu, kada ya kai ido ko baki.

9. BAYAN ZAƁE

In mace ta iso, namiji yana hawa bayanta ya riƙe ta a hammata. Ta ɗauke shi zuwa ruwa marar zurfi. Tana sakin ƙwai, shi kuma yana zuba ruwan haihuwa a kansu. A cikin ruwa ake haɗuwar, ba cikin cikinta ba.

Ƙwan kwaɗon gida yana fita cikin dogon zare mai yauƙi, baƙaƙen ɗigo a jere kamar tasbaha. Mace ɗaya tana zuba dubbai. Bayan ƴan kwanaki su ƙyanƙyashe. Ƴaƴan baƙaƙe ne masu wutsiya, suna iyo kamar kifi. Bayan makonni kaɗan ƙafafu su fito, wutsiya ta shanye, su hau tudu.

Cikin dubban nan kaɗan ne suke girma. Kifi ya ci, ƙwarin ruwa su ci, tsuntsu ya ci. In tabki ya ƙafe da wuri, duk su mutu. Shi ya sa ake wannan gaggawa da hayaniya da farkon damana.

10. INA RUWANMU?

Wani zai ce: "Malam, mun ji labarin auren kwaɗi. Me zai ƙara mana a rumbu?" Ga amsa.

Kwaɗo ma'aikaci ne da ba a biya. Duk dare yana cin tururuwa, da gara, da shinge, da tsutsa, da ƙananan fari, da ƙwari iri-iri. Yana yi a gonar shinkafa, yana yi a garkar albasa, yana yi a tsakar gida. Ƴaƴan burduddugi kuma masu cin nama ne. Cikin abin da suke ci a ruwa har da ƴaƴan sauro.

Amma ma'aikacin nan yana cikin matsala. A shekarar 2023 masanan duniya sun fitar da babban lissafi. Sun ce cikin kowane iri 100 na kwaɗi da danginsu, 41 suna cikin hatsarin ƙarewa. A wajenmu abu uku ne ya kamata mu lura da su.

Na farko, maganin ƙwari. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake sha, ta fata kuma yake yin wani ɓangare na numfashi. In aka wanke famfon feshi a tabki, gubar tana shiga jikinsa kai tsaye. Ƙwai da ƴaƴa su suka fi saurin mutuwa. Tabkin nan kuwa shi dabbobinmu suke sha, shi yaranmu suke wanka.

Na biyu, kamu ba iyaka. A shekarar 2010 Meike Mohneke da abokan aikinta sun ba da rahoton cinikin burduddugi a Afirka ta Yamma. Sun yi aiki har a Malanbil, ƙetaren gulbi, daura da Gaya. Sun tarar ana kama burduddugi da yawa, a busar ko a ƙyafe, a zuba a buhu, a kai kasuwannin kudancin Najeriya. Mutum 32 kawai da suka tambaya a Najeriya, abin da ke bi ta hannunsu a shekara ya kai wajen miliyan 2 da dubu 700.

Sana'a ce, tana ciyar da iyali, ba mu ce a bari ba. Amma ku duba darasinmu. Daren kira shi ne daren da kamu ya fi sauƙi, don kukan yana kai mai tocila wurin. Wa ake fara kamawa? Manyan maza masu ƙarfin murya, da mata masu ciki cike da ƙwai. Wato an cinye iri kafin shuka. Ƙasar Indiya ta daɗe tana sayar wa Turai ƙafafun kwaɗi. Da kwaɗin suka ragu, aka yi ta kukan ƙwari a gonakin shinkafa. A shekarar 1987 gomnatin ƙasar ta hana fitar da su.

Na uku, ɓatan tabkuna. In aka sare itatuwa da giginyu, aka share ciyawar baki, ruwa yana kwaso yashi ya cike tabki. Tabkin da ya cike ba kwaɗi, ba kifi, ba mashayar dabbobi. Dallol Mawuri tun shekarar 2004 yana cikin jerin wurare masu dausayi da duniya ta amince a kiyaye, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Amma takarda ba ta tsaron tabki. Masu zama kusa da shi su ne masu tsaro.

11. ABIN DA ZA MU IYA YI

Kada a wanke famfon feshi ko gwangwanin magani a tabki, ko a gulbi, ko a hanyar ban ruwa. A wanke nesa da ruwa, bisa shawarar malamin gona.

Kada a kama kifi da guba.

Masu kamun burduddugi su zauna da mai gari da sarkin ruwa, su yanke shawara. A bar makonnin farko na damana, har a zuba ƙwai. A ware tabki ɗaya ko biyu da ba a taɓawa. Masunta sun san irin wannan doka tun kaka da kakanni.

A bar ciyawa da itatuwa a bakin tabki.

A hana yara jifan kwaɗi. Wanda ya shigo ɗaki, a tura shi waje da tsintsiya, a kai shi garka.

Tabkin da yake ruɗewa da dare tabki ne mai lafiya. In tabkin da kuka saba ji ya yi shiru cikin damana, ku binciki dalili, ku sanar da malamin gona ko ma'aikatan ruwa da daji.

12. AIKI A CIBIYA

Ku karanta, ku rubuta waɗannan kalmomi a allo: kwaɗo, kwaɗi, ƙwai, maƙogwaro, zaɓe, laɓewa, ƴaƴa. Ku lura da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ.

Tambayoyi:
1. Tsakanin namiji da mace, wane ne yake kira?
2. Me ya sa ƙaramin kwaɗo ba ya iya yin murya mai kauri?
3. Ku faɗi abu uku da suke sa namiji ya samu mace.
4. Mece ce dabarar mai laɓewa?
5. Me ya sa bai kamata a kama burduddugi da farkon damana ba?

Lissafi:
1. A ce wani kwaɗo yana kira sau 20 a minti ɗaya, wani kuma sau 30. Cikin minti 10, kira nawa na biyun ya fi na farko?
2. A raba 2.700.000 ga mutum 32. Nawa kowane ya samu?

Aikin dare: ku fita ku uku ko huɗu bayan sallar lisha. Ku sa takalmi, ku riƙe sanda da tocila saboda maciji. Ku tsaya shiru a bakin tabki. Murya iri nawa kuka ji? Ku zaɓi kwaɗo ɗaya, ku ƙidaya kiransa cikin minti ɗaya da agogon salula. Ku yi haka da wani. Ku rubuta rana, da sunan tabkin, da abin da kuka gani.

Ku aiko mana da takardunku ta hannun malamin cibiyarku. Ku gaya mana kuma sunayen kwaɗi a garinku, da Hausa, da Dandanci, da Cangananci, da Fillanci. Ku tambayi tsofaffi: kwaɗi sun ƙaru ko sun ragu daga yadda suka sani? Za mu buga amsoshinku a fitowa ta gaba, da sunan kowace cibiya.

Baba mai tambaya, muna fata ka gamsu. Allah ya ba mu damana mai albarka.